Zangon Karatu a Tokiyo

Jirginmu ya sauka a filin jirgin Narita, kusa da Tokiyo, farkon Afrilu, watan da ake buɗe shekarar karatu a Japan. Tun kafin in ɗauki jakata aka miƙo mini katin zama, wanda suke kira zairyu kado. A wannan teburin na jami'an shige da fice ne ya kamata ɗalibi ya nemi izinin aikin wucin gadi. In ya bari har ya shiga gari, sai ya je ofishin shige da fice ya bi dogon layi. Izinin awa 28 ne a mako, a dogon hutu kuma awa 8 a rana. Wanda ya zarce zai gane kurensa ranar sabunta biza.

Cikin kwana 14 da samun masauki dole a kai katin ofishin gunduma a rubuta adireshi a bayansa. Nan ake shiga inshorar lafiya ta ƙasa, wadda ke ɗauke kashi 70 na kuɗin asibiti, mai jinya ya biya 30. Sai da adireshin nan banki ke sauraron mutum.

A makaranta, jarrabawar tantancewa aka fara yi mana, aka raba mu aji-aji. Rubutun Japananci iri uku ne: hiragana harafi 46 ne, katakana ma 46, mai himma mako biyu sun ishe shi. Na ukun, kanji, shi ne aikin: na amfanin yau da kullum guda 2,136 ne, kuma yawancinsu karatu biyu ko fiye gare su. Amma Bahaushe yana da wata sa'a da Turawan ajinmu ba su da ita. Kunnen da ya saba raba garin da ake zama da gārin tuwo ba ya rikita obasan, wato goggo ko inna, da obaasan, wato kaka. Haka baƙi mai ninki: kite na nufin "zo", kitte kuma kan sarki ne. Su kam sun daɗe suna kiran 'yan goggonni kakanni.

Inda karatun ya fi zama dole shi ne kanti. Harafin farko da na haddace a wajen aji shi ne 豚, alade, domin ruwan namansa na shiga miyar taliya, da dunƙulen kori, har da wasu soyayyun dankalin leda. Sai mirin, wata giyar shinkafa mai zaƙi da ake zubawa a girki kamar yadda muke jefa daddawa. Abin da ke yaudarar baƙo shi ne ya ga kifi ko ganye ya saki jiki, alhali romon ne abin dubawa. Naman halal ana samunsa a shagunan unguwar Shin-Okubo. Da dare kuma manyan kantuna kan liƙa wa dafaffen abinci tambarin rabin kuɗi, lokacin nan ne ɗalibai ke cefane.

Alƙibla a Tokiyo tana yamma maso arewa, don haka wanda ya tashi da "fuskantar gabas" sai ya sake lale. Juma'a ina zuwa masallacin Turkawa da ke Yoyogi-Uehara a jirgin layin Odakyu, amma ranar karatu ce, gara a shaida wa malama tun makon farko. A tsakiyar Yuni rana kan fito wajen 4:25, Asuba sai da ƙararrawa.

Shara ma darasi ce. Mai ƙonuwa da ranarta, gwangwani da kwalba da tasu, gorar roba kuma a cire murfi da takardar jikinta, a ɗauraye. In aka cakuɗa, masu kwasa su manna wa ledar takardar gargaɗi su bar ta nan, duk maƙwabta su gane ta baƙo ce.

Daga Yuni zuwa tsakiyar Yuli damina ce da suke kira tsuyu. Ba ruwa irin namu mai tsawa ya wuce ba, yayyafi ne da danshi kwana da kwanaki. Katifar ƙasa in ba a naɗe ta kullum ana shanya ta duk ranar da rana ta leƙo ba, ƙarƙashinta sai ya yi fumfuna, kuma ranar barin ɗaki daga kuɗin ajiyarka za a cire na gyaran tabarmar da ke shimfiɗe a ɗakin.