Farin yadi da littafin bashin Baba

A shagonmu kaya iri biyu ne, akwai wanda ake tayawa, akwai wanda ba a tayawa. Atamfa da shadda da leshi da yadin 'yan makaranta sai mun kai ruwa rana da mai saye: ya taya in ce albarka, ya ƙara in ce albarka, ya yi kamar zai tafi in kira shi. Bandir ɗin farin likkafani kuwa, wanda ke jingine a lungu bayan ƙofa, ba a ciniki a kansa, haka na tarar. Mai nemansa tun daga sallamarsa ake gane shi, murya ƙasa-ƙasa, ido ba ya kan kanta. Ba na tambayarsa abin da yake so. Sai dai in ce, babba ne ko yaro? In babba ne, namiji ko mace? In auna, in ɗan tsaga bakin da almakashi, in ja da hannu biyu ya keto har ƙasa. Sai na naɗe na miƙa masa sannan nake cewa Allah Ya jiƙan rai, sannan in tambayi wanda aka rasa.

A ƙasar Ringim muke, cikin Jigawa. Mahaifina da keke ya fara, yana ɗauro yadi daga Kantin Kwari a jirgin ƙasan da ke bi ta nan zuwa Nguru, ya bi ƙauyuka yana ba da kaya bashi sai kaka, in an sayar da gyaɗa a biya. Lokacin duk nan jihar Kano ce, sai 1991 aka yanke mu. Da ya rasu, ban da shagon da keken ɗinki guda, ya bar mini littattafan bashi huɗu da rubutun ajami. Na farko lissafinsa fam da sule ne da sisi, har zuwa 1973 da naira ta shigo, inda za ka ga ya bi tsofaffin basussuka yana mayar da fam ɗaya naira biyu, sule ɗaya kwabo goma.

Shekara da shekaru suna cikin adaka ban duba ba. Sai farkon 2023, lokacin canjin kuɗin nan da takardar naira ta yi ɓatan dabo, mu wuni a shago ba wanda ya leƙo, na ɗauko su don rage zaman banza. Na zaci lissafi zan karanta. Ashe tarihin gidajen ƙasarmu ne.

Baba gida-gida yake rubutu, kowane gida da shafinsa. Ga wani gida a wani ƙauye arewa da layin dogo. Layin farko: turmi biyu da kallabi, na aure. Bayan shekara: zanen goyo. Wata biyar tsakani: fari, yadi ɗaya. Sai wani zanen goyon, sai wani farin. Sau uku a jere haka. A goyo na huɗu babu fari a bayansa, sai can ƙasa na ga yadin rigar yaro, sai na wando, har zuwa inda aka yanka masa ta sallah. Na san mutumin. Irin sunan nan na 'ya'yan wabi aka yi masa laƙabi da shi, su Ajuji da Ajefas, wai a nuna an fid da rai ko mutuwa ta kau da kai. Yau dattijo ne mai furfura, bara a wurina ya haɗa lefen jikansa, kuma ya matsa mini a farashi har sai da na yi gumi. Ban gaya masa na ga shafin yayyensa uku ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yawan yadi ɗaya da yadi biyu. A littafi na farko da na biyu, ƙananan yanka sun rinjayi manya nesa ba kusa ba. Kuma suna da lokacinsu. Da bazara, in zafi ya tsananta, ƙyanda ce, wadda mata ba sa son kama sunanta sai su ce baƙon dauro. Da damina zazzaɓi da gudawa, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Manyan yanka sun fi zuwa da hunturu, sanyi ya kwashi tsofaffi. Akwai kuma shafin da ba na son buɗewa, inda zanen goyo da fari na mace suke mako guda, wani lokacin da yadi ɗaya a ƙarƙashinsu. Haihuwa ce ta zo da gardama, asibiti da nisa, abin hawa sai amalanke ko jaki.

Shekarun 1973 da 1974 da aka yi fari, ruwan sama ya ɗauke, a littafin kusan babu atamfa. Aure ya tsaya, fari ne kawai ke fita. Ana cikin farfaɗowa cuta ta kama gyaɗa a 1975, kuma daga nan gyaɗar ba ta sake komawa yadda take ba. Akwai gidajen da shafinsu ya tsaya cak a nan. Baba ya rubuta a gefe: sun yi kudu. Bai soke bashin ba, bai kuma sake ambatonsa ba.

Na 1996 ba a littafi na karanta ba, ina wurin. Shekarata ta biyu ke nan da zama a shago. Sanƙarau ya shigo da bazara, ya haɗu da ƙyanda da amai da gudawa. A ƙasar nan baki ɗaya sanƙarau kaɗai ya ci fiye da mutum dubu 11 a shekarar, akasarinsu a Arewa. Bandir ɗin da kan yi mana wata biyu ya koma ƙarewa cikin kwanaki. Baba ya daina rufe shago da daddare, ya shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa da fitilar ƙwai. Wata rana fari ya yanke gaba ɗaya kafin motar Kano ta iso, wani mutum ya zo neman na 'yarsa. Baba ya shiga gida ya ɗauko nasa likkafanin, wanda ya tanada tun dawowarsa daga Makka, ya yanka masa daga ciki. Na ce, Baba, naka ne fa. Ya ce, to ni yau zan tafi? Ya ƙara shekara tara bayan nan.

Yanzu yadi ɗaya ya ragu, wannan ba sai an gaya mini ba, almakashina ya sani. Rigakafi ya yi aiki, duk da gardamar da aka sha a kansa, kuma tun da aka zo da sabuwar allurar sanƙarau a 2011 ban sake ganin bazara irin waccan ba. Damina dai har gobe tana ɗaukar yara, mata kuma ba su gama tsira daga haihuwa ba. Amma wani yanka ya ƙaru wanda a littafin Baba jefi-jefi ne: yadi biyar na saurayi. Babur, mota, hanya. A watan Oktoba na 2024 tankar mai ta faɗi da daddare a Majiya, nan ƙasar Taura kusa da mu, jama'a suka taru kwasar mai, ta kama da wuta. Tun a kwanakin farko waɗanda suka rasu sun haura 150, aka yi ta ƙaruwa daga asibitoci. Da yawansu kabari ɗaya aka haɗa su. Masu cewa kwaɗayi ne ya kai su, ban ce ba su da hujja ba, amma ni na san abin da litar mai ta koma bayan cire tallafi, na kuma san iyayen wasu daga cikin yaran. Ranar ba wanda ya buɗe littafi a layinmu, abin da ke akwai aka bayar.

Akwai kuma mamatan da ba sa biyowa ta shagona sam. 'Yan ci-rani ne, a Legas ko Fatakwal ko Abuja, can za a yi musu sutura, nan sai waya da zaman makoki. Shafin gidansu sai ka ga yaro ya yi kaciya, ya yi aure, an yi goyo biyu, daga nan shiru, sai matar ta aiko a saya mata baƙin hijabi ko wani zane mara ado na takaba.

Shi kansa farin ya canza. Na zamanin Baba akoko ne da alawayyo na masaƙun Kaduna da Kano, auduga zalla, in ka tsaga ya tafi a miƙe da ƙara mai daɗin ji. Masaƙun sun durƙushe ɗaya bayan ɗaya, ta farko a Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe tun 2002. Na yanzu yawanci daga Sin yake zuwa, da haɗin roba, yana ƙyalli yana santsi. Dattawan da ke zama a zaure suna ɗinka likkafani da allura ba sa ƙaunarsa, sun ce zillewa yake a hannu. Ni ma in na je Kwari sai na sa an kunna ashana a bakin zare: in ya zama toka in saya, in ya dunƙule kamar leda in wuce. Na audugar ya fi tsada, ribar kuma ba ta taka kara ta karya ba. Ƙanena ya taɓa kawo shawarar mu riƙa yankawa muna ɗinkewa a keke muna ƙullawa a leda, yadda ake yi a birni. Mun gwada guda goma. Mutanen ƙauye suka ƙi, wani tsoho ya ce shi ba zai sa wa ɗan'uwansa rigar kanti ba.

Bashin fari ba na bin sa, Baba ma bai taɓa sa masa ranar biya ba. Amma shi ne bashin da ya fi dawowa. Malamai sun faɗa, kuɗin sutura ake fara cirewa daga abin da mamaci ya bari, kafin bashi, kafin gado, kuma mutane na jin nauyin wannan. Mai bashin leshi ya gan ni ya sake hanya. Mai bashin fari, bayan sadakar uku ko ta bakwai, sai ga shi da kuɗi a ƙulle, wani da tiyar gero.

Sau ɗaya tak aka taɓa taya mini shi. Wata tsohuwa ce, ungozoma, rabin matasan garinsu ita ta yanke musu cibi. Ta shigo ranar kasuwa da sandarta ta ce a auna mata na mace. Na yi salati, na ce, Iya, wa aka rasa? Ta ce ba kowa, nata ne, ba ta son ranar a tsaya ana karo-karo a kanta. Na auna, na ƙara mata na kallabi, na faɗi kuɗi. Ta ce ta saya rabin haka. Na ce, Iya, ai wannan ba a tayawa. Ta ce, kai ɗan nan, waɗancan kuka ne ya hana su, ni da raina da lafiyata don me zan bari ka cuce ni? Ta murza yadin, ta ɗaga shi a rana, ta kushe shi tas, ta ce na ubanka ya fi wannan kauri. Muka daidaita. Ta ba da wani abu, ta ce in rubuta saura.

Na buɗe mata shafi a ƙarƙashin na mijinta. Shekara uku ke nan, duk bayan 'yan makonni takan aiko jikarta da ɗari biyu ko ɗari uku, ta ce a rage. Ran nan na aika mata cewa na yafe ragowar. Yarinyar ta dawo da kuɗin a hannu, wai in ji Iya ba ta gama biya ba, kuma ba sauri take ba.