Tarihin Rayuwar Henry Knox, Kashi na Uku: Jigilar Igwa Zuwa Boston

A makon jiya mun tsaya inda, a yaƙin neman 'yancin Amurka, dakarun Janar Washington suka yi wa Boston ƙawanya, amma ba su da manyan bindigogin da za su kori sojojin Ingila. Igwar tana can sansanin Ticonderoga, wanda Ethan Allen da Benedict Arnold suka ƙwace a watan Mayun 1775, tafiyar kusan mil 300. Knox, ɗan shekara 25, mai sayar da littattafai wanda a cikinsu ya koyi harkar igwa, shi aka tura ya ɗauko.

Ya isa ranar 5 ga Disamba, ya zaɓi igwa 59, nauyinsu wajen tan 60. Aka sauke su daga kan gindinsu, aka loda a jiragen ruwa don haye Tafkin George kafin ya daskare. Jirgi ɗaya ya nitse kusa da gaɓa, aka kwashe ruwan, aka tayar da shi.

Daga nan sai amalanken katako marar taya, irin wanda ake ja a kan dusar ƙanƙara. Knox ya rubuta wa Washington cewa ya sa an haɗa guda 42. To, amalanken nan ba ya motsi sai dusa ta sauka, don haka dole aka zauna jira. Da ta sauka kuma, ƙanƙarar Kogin Hudson ba ta yi kaurin ɗaukar kaya ba. Dabararsu ita ce huda ramuka, ruwa ya taso ya malale a sama, dare ya daskarar da shi, kauri ya ƙaru. Duk da haka wata igwa ta burma a Albany, sai da mutanen gari suka taya aka ciro ta. Tafiyar da ya yi wa lissafin mako biyu da 'yan kwanaki, sai ƙarshen Janairun 1776 ta ƙare.

Daren 4 ga Maris aka hau da igwar tudun Dorchester, wanda ke kallon Boston da tashar jiragenta. Ƙasa ta daskare, ba ta haƙuwa, shi ya sa aka zo da ganuwa haɗaɗɗiya ta katako da damman itace da ciyawa. Janar Howe, kwamandan sojojin Ingila, ya wayi gari jiragensa na ƙarƙashin bakin igwa. Ya shirya farmaki, guguwa ta hana, ranar 17 ga Maris ya kwashe sojojinsa daga Boston zuwa Halifax, a Kanada ta yanzu.

Mako mai zuwa: Knox a New York.