Takarda ɗaya da ta riƙe hayar gidaje goma sha ɗaya

Shekara shida na yi a ofishin da ke raba tallafin marasa matsuguni a wata jiha ta tsakiyar Amurka, inda sanyin Janairu ke daskarar da ruwa a cikin famfo. Ranar da na kama aiki na kira Hajiya a Kano na shaida mata. Ta yi shiru, can sai ta ce, "Kai ɗan nan, wai a Amurkar ma akwai masu kwana a titi?" Akwai su kuwa. Ƙidayar marasa matsuguni ta Janairun 2024 ta samu mutum fiye da 770,000 a faɗin Amurka a dare ɗaya, wasu a gidajen kwanan gaggawa, wasu a cikin mota ko ƙarƙashin gada.

Ni dai ban taɓa miƙa wa kowa makullin ɗaki da hannuna ba. Aikina na tebur ne. Kuɗin na fitowa daga ma'aikatar gidaje ta tarayya, HUD, a ƙarƙashin shirin tallafin gaggawa ga marasa matsuguni da ake kira ESG, wanda tushensa dokar McKinney-Vento ce ta 1987, da aka yi wa babban gyara a 2009. Jiha ba ta taɓa kuɗin sai ɗan abin gudanarwa, wanda bai wuce kashi 7.5 cikin ɗari ba, da na rumbun bayanai. Sauran duk sai ta raba wa ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin agaji, su ne ke biyan haya da kuɗin ajiya da na wuta. Ana kuma bukatar a samo kusan kwatankwacin kuɗin daga wata hanya a haɗa, sannan a kashe su cikin wata 24.

Abin da ba a gaya mini da kyau ba a makon horo shi ne ma'anar tsarin biyan. Ƙungiya ce ke fara kashe nata, ta tara rasit, ta aiko, mu duba, sannan mu mayar mata. Babbar ƙungiya ta birni tana da ajiya a banki, jinkirin wata biyu ba ya hana ta barci. Ƙaramar ƙungiya ta karkara kuwa, mai ma'aikata uku a ɗakin bayan coci, abin da muka biya ta a watan jiya da shi take biyan hayar gobe.

A shekarata ta farko wata irin wannan ƙungiya ta aiko da takardun neman biya na iyalai goma sha ɗaya. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Goma lafiya ƙalau. Na sha ɗayan gida ne da aka gina kafin 1978, kuma akwai yarinya 'yar shekara uku a cikin iyalin. Doka ta ce a irin wannan gida, idan akwai yaro ƙasa da shekara shida ko mai juna biyu, dole a duba fentin bango saboda gubar dalma. Takardar dubawar ba ta cikin fayil. Sai na mayar da takardun duka, na rubuta layi biyu cewa ba su cika ba, na tashi na tafi gida ina jin na tsare dukiyar gwamnati.

Ka'ida ta ba mu kwana 30 mu biya, amma lissafin yana farawa ne daga ranar da takardu suka cika. Wato a kan doka ban yi laifin komai ba. Saƙon nawa kuwa ya faɗa akwatin ma'aikaciyar da ta tafi hutun haihuwa. Sai bayan mako uku shugabar ƙungiyar ta kira ni, wata dattijuwa da ta riga ni shiga wannan aiki da shekaru ashirin. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce masu gida biyu sun riga sun manna wa 'yan hayarsu takardar gargaɗi, ɗaya kuma ya rantse ba zai sake karɓar mutum daga hannunsu ba. Takardar fentin kuma tana nan a motarta, an yi dubawar tun kafin iyalin su tare, mantawa aka yi ba a haɗa ba. "Da ka ɗaga waya," in ji ta, "da ka same ta kafin ka sha shayinka."

Mai gidan da ya rantse ɗin nan shi ya fi damuna, har yau. A ƙaramin gari, masu gidan da za su yarda su ba wa mutumin da aka taɓa kora daga haya, a kan farashin da bai wuce ma'aunin HUD na yankin ba, ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Shekara da shekaru dattijuwar ta yi tana lallashinsu. Ni kuma da layi biyu na rage mata ɗaya.

Daga nan na canza hannu. Idan fayil ɗaya ya samu matsala, sai in ware shi in biya sauran. Kafin in rubuta komai sai na kira. Na roƙi shugabana ya bar ni in riƙa zuwa wurin sababbin ƙungiyoyi a watan farko na yarjejeniya, mu zauna mu cike fayil ɗaya tare, maimakon in jira ziyarar bincike ta ƙarshen shekara in zo ina lissafa musu kurakurai. Ban daina tsanani a kan gubar dalma ba, don na san abin da ta yi wa yara a ƙauyukan Zamfara a 2010. Sai dai takardar da ta ɓata daban, dubawar da ba a yi ba daban, kuma waya ce ke bambanta su.

Wannan ya taimake mu a 2020, lokacin da majalisar tarayya ta zuba dala biliyan 4 a shirin saboda korona. Kuɗi suka yi yawa, hannaye suka yi kaɗan. Ƙungiyoyin da muka riga muka saba da muryoyinsu su ne suka iya kashe rabonsu a kan lokaci.

Akwai abin da ban taɓa sabawa da shi ba. A ma'aunin HUD, wanda ke kwana a falon ɗan'uwansa ba ya shiga ƙidayar daren Janairu. Na san 'yan Afirka ta Yamma da ke kwana su shida a ɗaki biyu, kowa da katifarsa a jingine da bango. A takarda suna da gida. Su ma kansu da za ka ce musu marasa matsuguni, sai sun yi fushi da kai, domin a wurinmu mai ɗan'uwa a gari bai rasa wurin kwana ba.

Dattijuwar ta yi ritaya kafin in bar ofishin. Wadda ta gaje ta ta aiko da takardunta na farko, takardar fenti a saman kowane fayil, har da na gidajen da aka gina a 1995.