Daren da aka kira sunayen matattu a Avebury

Na sauka Ingila a watan Yuni na 2022 da bizar masu aikin kula da tsofaffi. Garin da aka kai ni Swindon ne, a gundumar Wiltshire, tafiyar kusan awa ɗaya a jirgin ƙasa daga Landan. Ɗakina yana saman wani shago, kuma tagarsa guda ce. Abin da ya fara ruɗa ni a ƙasar nan rana ce, don a wannan watan ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara na dare, kafin biyar na asuba kuma ta sake fitowa. Na yi makonni ina sallar isha'i ido na rufewa, in kwanta kaɗan in tashi asuba. Sanyi da kewar tuwo duk an faɗa mini tun a gida, na kuma shirya musu. Abin da ba a faɗa mini ba shi ne mutum zai iya kwana bakwai ba wanda ya tsaya ya tambaye shi ya gida, ya gajiya, ya mutanen Malumfashi.

A wurin aiki akwai wata dattijuwa da muke yawan haɗuwa a aikin dare. Ta haura sittin, gashinta fari fat, a wuyanta akwai wata 'yar sarƙa mai ɗigo uku da layi uku da suka bazu ƙasa kamar hasken rana. A zuciyata Goggo nake ce mata, daga baya ma na riƙa faɗa mata a fili, ta kuma amsa. Kullum idan muka fito da safe sai ta tsaya ƙarƙashin wata tsohuwar bishiya a bayan ginin, ta zuba ragowar ruwan kwalbarta a gindinta, ta ɗora tafin hannu a jikin itacen, ta yi shiru kamar minti ɗaya. Na ɗauka ciwon baya ne yake sa ta jingina. Ranar da na tambaye ta, sai ta ce gaishe ta take yi, domin ita Druid ce.

Gabana ya faɗi, gaskiya. Mu da muka tashi a gidan da ko sunan 'yan bori ba a son ambata bayan magariba, idan aka ce mutum yana gaida bishiya, kalma ɗaya ce take zuwa baki: tsafi. Na yi kwanaki ina ja baya da ita. Amma aiki ba ya barin mutum ya guje wa abokin aikinsa, kuma na ga yadda take juya tsohon da ba ya iya motsi, tana yi masa magana a hankali kamar ubanta ne. Da kaɗan-kaɗan na riƙa tambaya, tana ba ni amsa ba tare da ta taɓa cewa in zo in shiga ba.

Druid na asali, in ji ta, su ne malamai da alƙalai da limaman mutanen Birtaniya da Ireland da ƙasar da yanzu ake kira Faransa, tun kafin Kiristanci ya iso. Ba su rubuta iliminsu ba, haddacewa suke yi, Yuliyus Kaisar, shugaban yaƙin Rum, ma ya rubuta cewa wasu kan yi shekara 20 suna karatu. Sojojin Rum sun kai wa cibiyarsu hari a tsibirin Anglesey wajen shekara ta 60 miladiyya, daga baya kuma zaren ya tsinke gaba ɗaya. Abin da suke yi yanzu sabon gini ne a kan tsohon kango, ita da bakinta ta faɗa. Wani mutumin Wales, Iolo Morganwg, ya tara mawaƙa a tudun Primrose Hill na Landan a 1792, kuma da yawa daga addu'o'in da suke yi shi ya tsara su. Ƙungiyar da take koyo a cikinta Ross Nichols ne ya kafa ta a 1964, tana da matakai uku: na mawaƙa, na masu gani da magani, sai na Druid. A 2010 hukumar da ke rajistar ƙungiyoyin agaji a Ingila ta karɓi wata ƙungiyarsu a matsayin ta addini. Wannan rashin ɓoye-ɓoye ya burge ni. Ba ta ce mini kakanninta ne suka gina Stonehenge, shahararriyar da'irar duwatsun nan ta Wiltshire, ba, ta ce duwatsun sun girmi Druid da shekaru sama da dubu.

A farkon Oktoba Baba ya rasu. Ina cikin ba wata tsohuwa shayi waya ta yi ƙara a aljihuna, yayana ne, ya ce in yi haƙuri, Baba ya riga mu gidan gaskiya da hantsi. Kafin in tashi daga aiki an yi masa sutura, an sallace shi bayan azahar, an kai shi makwancinsa. Hoton taron kawai na gani a WhatsApp. A gida da yanzu an shimfiɗa tabarmi, mata sun cika tsakar gida, ana shigowa ana cewa ya haƙuri, Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ni kuwa na koma ɗakina mai taga ɗaya, na zauna a bakin gado da takalmina a ƙafa. Abokan aiki sun sa hannu a kati, an ba ni hutun kwana uku, kuma na san iyakar abin da suka sani ke nan, ban riƙe su a rai ba. Wasu 'yan'uwa mata daga masallaci sun zo ranar Juma'a, Allah ya saka musu.

Amma wadda ta fara ƙwanƙwasa ƙofata washegari Goggo ce. Ta zo da burodin da ta gasa da hannunta, ta cire takalmi ba tare da na ce ta cire ba, ta zauna a ƙasa kusa da ni. Ba ta yi mini dogon bayani ba. Ta ce, "Faɗa mini sunansa, da sunan babansa, da abin da yake yi da hannunsa." Na faɗa mata manomi ne, dawa da auduga, kuma yana ɗinkin hula da rani. Muka yi awa uku a haka. Bayan ta tafi na ce a raina, wannan ai zaman makoki ne matar nan ta yi mini, alhali ko kalmar ba ta sani ba.

Da ƙarshen wata ya matso ta ce suna da biki a daren 31 ga Oktoba, ana rubuta shi Samhain ana furta shi Sawin. Ɗaya ne daga bukukuwa takwas da suke yi a shekara: huɗu suna bin rana, wato yini mafi tsawo da mafi gajarta da lokuta biyu da dare da yini suke daidaita, huɗu kuma suna bin noma da kiwo. Wannan na shigar hunturu ne da tunawa da matattu. Ta ce in ina so in zo in gani. Na kira Inna na faɗa mata. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ke 'yar nan, wadda ta zo miki gaisuwa ba a ƙi amsa kiranta. Amma ki san inda za ki tsaya." Na ce wa Goggo zan zo, sai dai ba zan shiga da'irarsu ba, ba zan kuma ce amin ga abin da ban yarda da shi ba. Ta ce hakan ya yi.

Muka hau bas mai lamba 49 zuwa Avebury. Ƙauye ne ƙarami da aka gina a tsakiyar wata ƙatuwar da'irar duwatsu, kewaye da rami mai zurfi da tudu kamar ganuwa, aikin mutanen da suka rayu shekaru 4,500 da suka wuce. Titi ya ratsa ta tsakiya, tumaki suna kiwo a gindin duwatsun da suka ninka tsawon mutum. A baya mutanen ƙauyen sun binne wasu, sun farfasa wasu sun yi gini, sai a shekarun 1930 wani mai binciken kayan tarihi, Alexander Keiller, ya tono da dama ya sake tsayar da su. A gefen tudun akwai wasu manyan itatuwa da saiwoyinsu suka fito fili suka sarƙe kamar yatsu, an ɗaure musu ƙyallaye a rassa. Ina ganinsu tsamiyar bayan garinmu ta faɗo mini, wadda kakata take hana mu zama ƙarƙashinta da tsakar rana saboda mutanen ɓoye.

Kwana ɗaya kafin nan aka mayar da agogo baya, don haka kafin biyar rana ta faɗi. Na shimfiɗa ɗankwalina a kan ciyawa mai raɓa na yi magariba, su kuma suka jira har na sallame. Ba su kai ashirin ba. Wasu da fararen riguna har ƙasa, wasu da rigar ruwa da takalman taɓo. Akwai malamin makaranta, akwai direban mota, akwai wata mai goyo. Suka yi da'ira, aka kunna fitilu a tsakiya. Wani ya fuskanci arewa ya nemi zaman lafiya, sannan kudu, yamma, gabas, sannan duniya baki ɗaya, domin a wurinsu ba a fara komai sai an tabbatar akwai lafiya. Aka zagaya da ruwa ana yayyafawa, aka zagaya da turare. Sai suka ja numfashi tare suka rera kalma ɗaya sau uku, Awen, a hankali, muryoyin suna hawa kan juna. Ma'anarta ilhama, irin wadda take sauko wa mawaƙi, kuma ita ce alamar da ke wuyan Goggo.

Daga nan suka yi kira uku. Suka gaida iskokin wurin, wato na duwatsu da ƙorama da itatuwa, suka watsa hatsi a ƙasa. Suka gaida abubuwan bautarsu, kowa da sunan da yake kira, wata ta ambaci Brigid, wani Cernunnos, wani kuma bai ambaci kowa ba don shi a ganinsa duk sunaye ne na ƙarfin halitta. Aka tsiyaya giyar zuma a ƙasa. Na ƙarshe kakanni, su ma kashi uku: na jini, na ƙasar da ake tsaye a kai ko da ba danginka ba ne, da na koyarwa, wato duk wanda ya koya maka abin da kake rayuwa da shi. Aka ajiye faranti da burodi da tuffa a gefen yamma, ba wanda ya taɓa shi. Sannan ɗaya bayan ɗaya kowa ya matsa ya faɗi sunan wanda ya rasa. Direban nan, ƙato da shi, ya faɗi sunan ɗansa muryarsa ta karye, na kusa da shi ya riƙe masa kafaɗa.

Goggo ta baro da'irar ta zo inda nake tsaye jikin dutse. Ta yi ƙasa da murya ta ce, "In faɗi sunan babanki?"

Na so in ce e, wallahi na so. Makonni huɗu ba wanda ya ambaci sunansa da ƙarfi a ƙasar nan sai ni. Amma na san Baba, mutumin da bai taɓa barin sahun farko ba. Na ce, "Goggo, a'a. Mu ba ma kiran mamaci, roƙa masa muke yi wurin Allah." Ta riƙe hannuna ta ce, "To ki roƙa masa. Zan tsaya tare da ke." Ta tsaya, ba ta koma ba, har na karanta Fatiha da Ƙulhuwallahu ƙafa uku, na roƙa masa gafara da hasken kabari, hawaye na zuba. Can cikin da'irar ana ci gaba da kiran sunaye.

Ban yarda da abin da suke bauta wa ba, kuma ban ɓoye mata ba. Tsiyaya abin sha ga dutse ko ga wani abin bauta hanya ce da kakanninmu suka bi suka bari. Kano ma tana da labarin Barbushe da Tsumburbura a dutsen Dala, kuma a ƙauyukan da ke kewaye da garinmu har yanzu akwai Maguzawa da muke cin kasuwa ɗaya da su. Bambancin da na gani shi ne mu abin yana kusa da mu, shi ya sa muke tsoronsa, su kuwa ya yi musu nisa har suna neman sa da fitila a cikin littattafai. A ƙidayar 2021 mutum 74,000 ne a Ingila da Wales suka rubuta cewa addinin gargajiya irin wannan suke bi, waɗanda suka rubuta Druid kuma kaɗan ne. Amma kalmar nan ta kakannin ƙasa ta zauna mini. Wata biyar ina taka garin nan ban san sunan bishiya ko ɗaya ba, ban san daga ina iska take kawo ruwa ba, ni 'yar manomi. Tsofaffin da nake yi wa wanka kuwa, waɗanda suka yi aiki a masana'antar jirgin ƙasa ta Swindon kafin a rufe ta a 1986, ban taɓa tambayarsu sunan iyayensu ba. Na fara tambaya. Wata da ta manta sunan 'yarta ta lissafa mini 'yan'uwan mahaifiyarta bakwai ba ta yi tuntuɓe ba.

Ranar arba'in ɗin Baba ta faɗo a tsakiyar Nuwamba. Na sayo wake a shagon 'yan Pakistan, na jiƙa shi tun dare. Goggo ta zo da sassafe ta nannaɗe hannun riga, na koya mata yadda ake surfa shi a cire ɓawo, ta yi ta mamakin yadda yake tasowa saman ruwa. Muka soya ƙosai roba biyu. Ɗaya na kai masallaci, ɗaya muka kai wurin aiki, muka bi ɗaki-ɗaki muna ba waɗanda likita bai hana su mai ba. Wani tsoho ya tambaye ni bikin me ake yi. Na ce sadaka ce ta babana, na faɗa masa sunansa. Ya maimaita sau biyu har ya kama shi daidai, sannan ya miƙo hannu ya ɗauki na biyu.