Jan idon da ba afolo ba

Shagona na tabarau yana Aboabo, nan Kumasi. Mu uku ne: ni, da yaron da ke yanka gilashi, da mai gwajin ido da ke zuwa Talata da Asabar. Yawancin aikinmu tabarau ne na karatu, na dattawan da baƙin Alƙur'ani ya fara yi wa hazo. Amma wanda duk idonsa ya yi ja a unguwar nan, mu yake fara nema kafin asibiti.

Wata Asabar wata Hajiya mai sayar da atamfa a Kejetia ta shigo, ta tokare idon hagu da bakin mayafi. Ta ce, "Alhaji, afolo ne, ba ni baƙin tabarau in huta da hasken nan." Tun annobar 1969 kowane jan ido afolo ne a bakin mutanen Gana. To amma afolo yana zuwa da kwantsa, ya tafi cikin mako ɗaya ko biyu. Nata wata uku, babu kwantsa, sai zugi, da ɗige-ɗige baƙaƙe da ke yawo a gabanta kamar ƙudaje.

Na ce, "Hajiya, wane magani kike sha?" Ta zazzage jaka a kan teburi: prednisolone da methotrexate na ciwon gaɓoɓi, irin wanda garkuwar jiki ke juyowa ta far wa mai ita, ga kuma kwalbar maganin ɗiga ido da wani mai kemis ya sayar mata ba takardar likita. Wannan kwalbar ta ɓata mini rai ƙwarai, don irinta na kwantar da ja ne, ciwon kuma yana ci ta ciki. Mai gwajinmu ta haska, ta ga baƙin idon ya manne, ya daina zama da'ira. Ba mu sayar mata da komai ba, muka rubuta mata takarda zuwa sashen ido na asibitin Komfo Anokye.

Tarin tibi aka gano ya kama idon, alhali ko tari ba ta yi. Ƙwayar tana iya kwanciya shekaru a jiki shiru, sai magungunan danne garkuwa irin waɗanda Hajiya ke sha su buɗe mata ƙofa. Wahalar likita ita ce, ciwon garkuwar ma yana kumbura cikin ido haka, kuma in ya ƙara maganin dannewa alhali tibi ne, ya ƙara wa wuta fetur. Shi ya sa aka yi mata hoton ƙirji, da gwajin jini, da allurar fata da ake dubawa bayan awa 48 zuwa 72, wadda takan ƙi nunawa ga mai shan waɗannan magungunan.

Magani huɗu aka ɗora ta a kai wata 2, sannan biyu na aƙalla wata 4, kuma kyauta ne a Gana. Rifampicin ya mayar da fitsarinta ruwan goro, har ta zo a tsorace. Wanda na fi sa wa ido shi ne ethambutol, don yana iya taɓa jijiyar gani, mutum ya fara kasa raba ja da kore.

Saboda haka, ban da zuwanta asibiti, takan biyo ta shago in buɗe mata littafin gwajin launi, mai lambobi ɓoye cikin ɗigo-ɗigo, ba na karɓar ko sidi ɗaya. Zuwanta na ƙarshe ta karanta 12, ta karanta 74, ta rufe littafin ta ce, "To Alhaji, yanzu ka auna mini na karatu."