Na shirya wa kilomita 226, ban shirya wa tsibirin ba

A kilomita na 17 cikin gudun ƙarshe na doguwar gasar tirayatulon da na shiga a wani tsibiri, na nemi gefen titi na zauna, daga nan ban sake tashi da ƙafafuna ba. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne hannuwana. Yatsu sun kumbura sun yi suntum, igiyar agogo ta nutse a cikin fata, cikina kuwa da na motsa sai in ji ruwa yana kaɗawa kamar jarkar da ba ta cika ba. Wata 'yar sa kai ta durƙusa a gabana ta tambayi sunana da lambata. Sunan na faɗa, amma lambar da ke ɗaure a ƙuguna na zuba mata ido na kasa karantawa. Atisayen wata tara ya ƙare a kan gadon rumfar likitoci.

Ƙannena, maza da mata, na ga da yawanku sun fara sha'awar tirayatulon, wato gasar da ake haɗa iyo da tseren keke da gudu a jere ba hutu, kuma na yi murna da hakan har zuciyata. Doguwarta, wadda aka fi sani da sunan Ironman, iyo ne na kilomita 3.8, keke kilomita 180, sannan gudun fanfalaki na kilomita 42.2, a al'adance duka cikin awa 17. A kan tsibiri aka haifi abin: a watan Fabrairun 1978 mutum 15 suka shiga ta farko a Owahu da ke Hawayi, 12 suka gama, Gordon Haller ya zo na ɗaya cikin awa 11 da minti 46. A 1981 aka mayar da ita Kona, a babban tsibirin Hawayi. Har yau tsibirai ne ke jan hankalin mai mafarkin wannan gasa, ko Langkawi a Malesiya, ko Kozumel a Meziko, ko Sebu a Filifin inda aka daɗe ana yin rabin zango. Hotunan da kuke gani suna nuna shuɗin ruwa da itatuwan kwakwa. Laimar da ke cikin iskar ba ta fitowa a hoto, kuma ita ce ta kayar da ni.

Na tafi da tunanin cewa ni da zafi mun saba. Gaskiya ne na saba, amma da busasshen zafi, wanda zufa ke fitowa iska ta shanye ta nan take. Ashe zufa ba ta sanyaya jiki don ta fito kawai, sai ta bushe a kan fata ta tafi da zafin. Lita ɗaya ta zufa in ta bushe tana kwashe zafin da ya kai kalori dubu 580, amma wadda ta ɗiga a ƙasa ko ta taru a cikin takalmi asara ce, ruwa ya fita zafi yana nan. Ga shi kuma kusan kashi uku cikin huɗu na ƙarfin da tsoka ke ƙonawa zafi yake zama, ba tafiya ba. A tsibirin da iskarsa ta riga ta ƙoshi da ruwa, jikinka murhu ne da aka toshe wa mafitar hayaƙi. Zuciya sai ta raba aiki biyu, tana tura jini ga ƙafafu tana kuma tura shi ga fata don ya huce, bugunta ya yi ta hawa alhali gudunka bai ƙaru ba.

Ni kuwa duk atisayena da asuba nake yi, cikin sanyin safiya, don in ga lambobi masu kyau a agogo. Na sauka a tsibirin saura kwana uku a fara, na shige ɗaki na ƙure na'urar sanyaya ɗaki, ina ganin hutu nake ba jikina. Ba a fafe gora ranar tafiya. Jiki yana bukatar kamar kwana 10 zuwa 14 yana aiki cikin zafi kafin ya saba: ruwan jini ya ƙaru, zufa ta riƙa fitowa da wuri, gishirin da ke cikinta ya ragu, bugun zuciya ya sauko. In aljihu ko aiki ba za su bar ka ka isa da mako biyu ba, a gida ma ana yi. Ka hau keken da ake kafewa a ɗaki, ka kashe fanka, ka yi awa ɗaya a hankali. Ko ka shiga bahon ruwa mai zafin digiri 40 na minti ashirin zuwa arba'in bayan ka dawo daga gudu, kwanaki a jere. A hankali na ce, kuma kada ka yi shi babu kowa a gida. Da ka ji jiri, ko sanyi yana kama ka cikin zafi, ka tsaya. Zafin cikin jiki in ya haura digiri 40 har mutum ya fara ruɗewa, magana ce ta rai da mutuwa, ba ta jarumta ba.

Kuskuren da ya kusa halaka ni kuwa daga tsoro ya fito. Kowa ya yi ta ce min in sha ruwa, kada in bari in bushe. Sai na mayar da shi farilla: kowace rumfar ruwa na iso a kan keke sai na karɓi gora na shanye, ko ina jin ƙishi ko ba na ji, kuma tsurar ruwa, domin abin sha mai sukari da gishiri da suke bayarwa ban taɓa gwada shi ba, ina tsoron ya ɓata min ciki. Awa bakwai ina ɗura ruwa ina zubar da gishiri ta zufa. Da suka gwada jinina a rumfa, likitan ya ce min sodiyam ɗina, wato gishirin da ke cikin jini, ya faɗi ƙasa da 135, inda nan ne iyakar lafiya. Ruwa ya tsinka gishirin jinina, shi ya sa yatsu suka kumbura, kai ya yi ta sara, tunani ya dagule. In abin ya yi tsanani ƙwaƙwalwa ce ke kumbura, kuma an rasa rayuka a gasar gudu ta wannan hanya. Abin da ya fi tayar min da hankali daga baya shi ne alamominsa suna kama da na bushewar jiki, har da na zauna a bakin titin nan abin da nake roƙo shi ne a ƙara min ruwa.

Maganin wannan sikeli ne, irin wanda ake hawa a bayi. Ka hau ba kaya a jikinka, ka fita ka yi awa ɗaya cikin zafi da irin saurin da kake niyyar yi ranar gasa, ka dawo ka goge jiki ka sake hawa. Duk kilo ɗaya da ya ragu lita ɗaya ce ta zufa, sai ka tara da abin da ka sha a hanya. Ka maimaita sau da yawa, a keke daban a gudu daban, domin kowa da nasa. Wani rabin lita, wani ya haura biyu. Daga nan ka san iyakarka. Ba a so ka mayar da duk abin da ya fita, raguwar kamar kashi biyu cikin ɗari na nauyinka ba abin tsoro ba ne. Wanda ya gama gasa nauyinsa ya ƙaru shi ne ke cikin haɗari. Kada kuma ka ɗauka ƙwayar gishiri za ta ba ka lasisin ɗura ruwa yadda ka ga dama, ba za ta cece ka ba in shan ya wuce kima. Abinci ma haka: jiki na son giram 60 zuwa 90 na sukari ko sitaci a kowace awa, amma hanji sai an koya masa karɓar wannan tun a atisaye, kuma zafi yana rage masa ƙarfi. Ka binciki abin da masu shirya gasar za su raba, ka nemo irinsa ka yi watanni kana amfani da shi. Ƙwayar rage ciwo irin su ibuprofen kuwa ka bar ta a jaka, ita da bushewar jiki in suka haɗu ƙoda ce ke shan wahala.

Sai teku. Duk iyona a kwamin iyo na koya, inda akwai baƙin layi a ƙasa yana nuna min hanya, ga bango duk mita 25 in dafa. Na sayi rigar roba ta iyo na saba da yadda take ɗaga ƙafafu sama, ban karanta ƙa'ida ba. A gasar Ironman, ga mu da ba ƙwararru ba, in ruwa ya wuce digiri 24.5 wanda ya sa rigar ya fita daga lissafin masu neman matsayi, in ya ƙara ɗumi sosai a hana ta gaba ɗaya. Ruwan tsibiran nan kuwa kusan kullum ya wuce haka. Safiyar gasar na shiga ba riga, ƙafafuna suka yi ta nutsewa, igiyar ruwa tana marin fuskata daga dama, wato ɓangaren da kaɗai na iya shaƙar numfashi. Na haɗiyi ruwan gishiri har sau nawa ban ƙirga ba, na kauce hanya wani mai kwale-kwale ya maido ni. Na fita kafin wa'adin awa 2 da minti 20, amma cikina ya riga ya tashi tun ban taɓa keke ba. Ku koyi numfashi ta dama da hagu. Ku koyi ɗaga kai duk bayan 'yan bugu ku hango alamar da ke yawo a kan ruwa, ko wani dogon gini ko tsauni a bayanta. Ku shiga buɗaɗɗen ruwa sau da yawa kafin ranar, tare da jama'a da mai tsaro, kada ku taɓa shiga ku kaɗai. In kun isa tsibirin ku tambayi masunta da masu ceto yadda ruwan ke ja da lokacin cika da janyewarsa. Ku shafa man hana gogewa a hammata da wuya da cinya, don gishiri yana cin fata kamar zarto, kuma kada ku taka duwatsun murjani, yankansu ba ya saurin warkewa.

Akwai wani bidiyo da na kalla ba adadi lokacin da nake shiri. A Fabrairun 1982 a Kona, Julie Moss, ɗaliba 'yar shekara 23, tana kan gaba a cikin mata sai jikinta ya ƙi, ta yi ta faɗuwa, Kathleen McCartney ta wuce ta dab da layi, ita kuma ta ƙarasa da rarrafe. Na ɗauki darasin da ba shi ba, na ɗauka taurin kai ya isa. Da wannan zuciyar na hau keke. Kilomita 60 na farko iska tana bayana, ina wuce mutane ina jin daɗi, har da dattawan da na ga suna tafiya a natse. Da hanya ta zagayo ɗaya gefen tsibirin sai iskar ta dawo ƙirjina. Haka tsibiri yake, abin da ya ba ka a wannan gaɓar zai karɓa a waccan. A Kona iskar gefe ce ke neman tuntsurar da mutane a hanyar zuwa garin Hawi, ga zafin baƙin dutsen aman wuta yana tasowa daga ƙasa. A Kozumel hanya shimfiɗaɗɗiya ce amma gaɓar gabas a buɗe take ga iskar teku. Langkawi kuwa tuddai ne da laima. Ba ka kuma da damar fakewa a bayan wani, ƙa'ida ta ce ka bar tazarar mita 12. Dattawan nan duk sun wuce ni kafin kilomita na 140. Keke a doguwar gasa hanyar zuwa wurin gudu ne, duk ƙarfin da ka ɓarnatar a kansa daga ƙafafun yamma ka ranto shi.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma suna iya hana mutum farawa. Keke yana iya ƙin zuwa a jirgin da ka zo, don haka hular kwano da takalma da feda da tabaran iyo su zauna a jakar hannu. Tsibiri ba lallai ya sami irin kayan kekenka ba, ka tafi da tub da taya da ɗan ƙarfen da ke riƙe giyar baya. Iskar teku tana sa sarƙa tsatsa cikin kwanaki, ka riƙa wankewa kana sa mai. Man kariya daga rana ka duba abin da ke cikinsa, Hawayi ta hana sayar da masu sinadaran oxybenzone da octinoxate tun 2021 saboda murjani. Rana kuma a waɗannan wurare tana faɗuwa wajen ƙarfe shida ko bakwai, duhu ya rufe da sauri, mafi yawanmu cikin dare muke ƙarasa gudun, sai ka ajiye 'yar fitilar goshi a jakar da ake ba ka a tsakiyar hanya.

Da na dawo na huce, sai na yi abin da ya kamata in fara da shi. Na je likita ya duba zuciyata. Na koma rabin zango, iyo kilomita 1.9, keke 90, gudu 21.1, na yi shi sau biyu a wuri mai laima kafin in sake tunanin cikakken. Atisayen da kansa bai canza sosai ba, awa 10 zuwa 15 a mako a watannin tsakiya, mafi yawansa a hankali, da doguwar tafiyar keke sau ɗaya a mako wadda nake sauka in ɗora gudu nan take don ƙafafu su saba da sauyin, sai rage nauyin aiki a makonni biyu zuwa uku na ƙarshe. Abin da ya canza shi ne wasu ranakun na mayar da su tsakar rana, da sikelin nan, da littafin da nake rubuta abin da na sha da abin da na ci.

Bayan shekara biyu na koma tsibirin, na isa da kwana goma sha biyu. A kan keke na kafa wa bugun zuciyata iyaka na ƙi wuce ta, ko da iska tana tura ni, ko da waɗanda na san na fi su suna wuce ni. A gudu kowace rumfa sai na tsaya na yi tafiya, in zuba ƙanƙara a hula da cikin riga, in damƙe guda biyu a tafin hannu, in kula kada ruwan ya gangara cikin takalmi ya jawo bororo. Da na iso kilomita na 17 rana ta riga ta faɗi. Na gane wurin, ga dakalin siminti ga itacen kwakwar da ya karkata kan titi. Na ɗaga hannu a ƙarƙashin fitilar goshi na duba yatsuna, suna nan yadda suke, agogo yana juyawa a sake. Na karɓi rabin kofi a rumfar gaba na ci gaba, saura kilomita 25.