Ƙarar taya a Kasuwar Dole

Yau da hantsi tayar wani ɗan kabu-kabu ta fashe a bakin Kasuwar Dole da ke Damagaram. Kowa ya ɗan zabura ya ci gaba da harkarsa, ban da innar da nake sayen yakuwa wurinta. Ta durƙusa, hannu biyu a ka, zufa na keto mata, tana kiran sunan wani yaro. Daga garin Bosso na jihar Diffa ta taso tun harin Boko Haram na 2015. Wata ta ce iskokinta ne suka tashi, raina ya ɓaci. Na riƙe hannunta na ce, "Inna, Damagaram kike, ja numfashi ki sake shi a hankali." Da ƙyar yatsunta suka bar rawa.

A ƙwaƙwalwa akwai ɗan sashe mai suna amigdala, shi ne mai gadi. Bayan mummunan firgici yakan yi ta ƙwala ihu ko da haɗarin ya wuce. Akwai hanyar da ake liƙa wayoyi a fatar kai, na'urar EEG ta nuna motsin ƙwaƙwalwa a allo, mutum ya riƙa koyon lallashinta da kansa. Masana na ci gaba da gwada ta kan masu irin wannan ciwon. Ina fatan Inna ta samu likitan da zai duba ta a nan garin.